Da tsohuwar zuma ake magani: yadda za ka naɗi tsofaffin waƙoƙin jaz, fok da rokabili da muryarka

A daren 5 ga watan Yulin 1954, a ɗan ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Sun Records da ke birnin Memfis a Amurka, samari uku sun shafe sa'o'i suna gwada waƙoƙi masu sanyi, ba wadda ta zauna. Da aka tafi hutu sai ƙaraminsu, Elvis Presley, ɗan shekara 19, ya ɗauki jita ya shiga wasa da wata waƙar bulus, wato salon kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka, da Arthur Crudup ya naɗa tun 1946, "That's All Right", yana ta ƙara mata sauri. Bill Black ya kama masa da bes, babban kayan tsirkiya mai kaurin sauti, Scotty Moore ya shigo da tasa jitar. Mai situdiyon, Sam Phillips, ya leƙo ya ce su koma farko, ya kunna na'ura. Ko ganga babu a ɗakin.

Faifan da ake cewa shi ya buɗe wa rokabili ƙofa ke nan, kuma waƙar wani ce aka sake rerawa. Ta bayan faifan ma haka take: "Blue Moon of Kentucky" ta Bill Monroe, wadda asalinta bugu uku-uku take tafiya a hankali, suka mayar da ita bugu huɗu-huɗu tana gudu. A waɗannan nau'o'i uku na kiɗa, rera waƙar wani ba abin kunya ba ne, shi ne ma ƙashin bayan sana'ar. Jaz ya tashi ne a hannun baƙaƙen fatar Amurka, kuma har gobe makaɗansa suna juya wasu sanannun waƙoƙi na shekarun 1920 zuwa 1950. Fok waƙoƙin gargajiya ne da suka bi baki da baki, da kuma sababbin da aka ƙirƙira a kan salonsu. Rokabili kuwa auren bulus ne da kiɗan ƙauyukan kudancin Amurka. Abin da na lura da shi a kan dukansu shi ne, kusan duk aikin da ke sa faifai ya yi daɗi ana gama shi ne kafin a danna maɓallin ɗauka. Saboda haka mafi yawan bayanina a can zai tsaya.

Mataki na farko: zaɓen waƙa

Kada ka zaɓi waƙa don kawai kana son jin ta. Ka zaɓi wadda muryarka za ta iya ɗauka, kuma kana da abin da za ka ce a cikinta. Gwajin mai sauƙi ne: rera ta ba kiɗa, daga farko har ƙarshe, ka naɗa a waya, gobe da safe ka saurara. In ta tsaya da ƙafarta ba jita ba fiyano, to ta yi. In ka ji kanka kana ƙoƙarin kwaikwayon maƙogwaron mai ita, ajiye ta tukuna.

Ga mai farawa, fok ya fi sauƙin shiga, don jita ɗaya da murya sun isa. Rokabili yana son aƙalla mutum uku da suka saba da juna. Jaz shi ne mai wuyar sha'ani, ba don naɗarsa ba, sai don yana tona asirin wanda bai ƙware da kayan kiɗansa ba.

Mataki na biyu: waƙar ta wace ce?

Mutane da yawa suna barin wannan sai ƙarshe, sai an kashe kuɗi an gama aiki sannan a tarar ba dama a fitar. Yi shi tun yanzu.

Kowace waƙa da ka ji a faifai haƙƙin mallaka biyu ne a kanta. Na farko na waƙar kanta ne, wato kalmomi da karin, kuma yana hannun marubucin ko kamfanin da ke kula masa da ita. Na biyu na sautin da aka naɗa ne, yawanci yana hannun kamfanin faifai. In ka sake rerawa da muryarka da makaɗanka, na farkon ne kawai ya shafe ka. Amma da zarar ka yanko ko da daƙiƙa biyu daga ainihin faifan, ko ka hau kan kiɗan da ka sauko da shi daga intanet, ka taka na biyun, kuma shi sai da yardar masu shi kai tsaye.

A Amurka, inda yawancin waɗannan waƙoƙi suka fito, doka ta ba kowa damar sake naɗar waƙar da aka riga aka fitar ga jama'a, muddin ya karɓi lasisi ya biya kuɗin da hukuma ta yanka. Mai waƙar ba shi da ikon hanawa. Kuɗin ya daɗe a kan santi 9.1 na dala a kan kowane kwafi da aka sayar, faifai ne ko saukewa. Ya koma santi 12 a 2023, 12.4 a 2024, 12.7 a 2025, ga waƙar da ba ta wuce minti biyar ba. Ana samun lasisin ta hannun su Harry Fox Agency ko Easy Song, wasu kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid kuma suna karɓo maka shi a kan ɗan kuɗi. Na sauraro kai tsaye a su Spotify kuwa, tun Janairun 2021 kamfanonin ne ke biyan marubuta a Amurka ta wata cibiya da ake kira MLC, amma duk da haka mai rarraba maka zai tambaye ka ko waƙar taka ce, kuma dole ka faɗi gaskiya.

Ga inda ya fi shafar mu. Wannan lasisi ya ba ka damar canza salo, sauri da kayan kiɗa, amma bai ba ka damar canza kalmomi ko tushen karin ba. Fassara waƙar zuwa Hausa canza kalmomi ne. Don haka in kana son ka rera waƙar da ke da mai ita da harshenmu, sai ka rubuta wa kamfanin da ke riƙe da ita ka nemi izini, kuma suna iya cewa a'a. Haka ma bidiyo: haɗa waƙa da hoto lasisinsa daban ne. A YouTube abin da ya fi faruwa shi ne na'urarsu ta Content ID ta gane waƙar, kuɗin talla ya tafi wa masu ita, wani lokaci kuma a toshe bidiyon ɗungurungum.

Mafita ga mai son 'yanci ita ce waƙar da wa'adin mallakarta ya ƙare, ta zama ta kowa. Sai dai lissafin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka tsofaffin waƙoƙi irin waɗannan suna fita ne bayan shekara 95 da bugawa. A Nijeriya, ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da kuma ƙasashen Turai, ana ƙirga shekara 70 ne daga rasuwar marubucin. Dubi yadda abin ke juyawa: "St. Louis Blues" ta W. C. Handy an buga ta a 1914, tuni ta zama ta kowa a Amurka, amma Handy ya rasu ne a 1958, don haka lissafin shekara 70 sai ƙarshen 2028 zai cika. George Gershwin kuwa tun 1937 ya rasu, amma waƙarsa "Summertime" da ta fito a 1935 tana nan a ɗaure a Amurka har ƙarshen 2030. Tun da waƙarka duniya za ta shiga, duba ɓangarorin biyu. Mawaƙin da ke Nijeriya yana iya neman ƙarin haske a wurin MCSN, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin masu waƙoƙi, na Nijar kuma a BNDA, hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasar.

Wani tarko kuma shi ne kalmar "ta gargajiya". Waƙar na iya zama ta kowa, amma tsarin da wani ya yi mata nasa ne. "House of the Rising Sun" misali ce mai kyau: Alan Lomax ya naɗe ta daga bakin wata yarinya a jihar Kentaki a 1937, Bob Dylan ya sa ta a faifansa na farko a 1962 da tsarin da ya ɗauka daga Dave Van Ronk, abin da ya ɓata wa Van Ronk rai, sannan The Animals na Ingila suka fitar da tasu a 1964. In za ka rera ta, koma ga tsoffin naɗe-naɗen ka gina naka tsarin.

Kuma ba duk abin da aka ce na gargajiya ne ba shi da mai shi ba. Solomon Linda, Bazulu ɗan Afirka ta Kudu, shi ya ƙirƙiri "Mbube" ya naɗe ta a 1939. Pete Seeger da The Weavers suka rera ta da sunan "Wimoweh" a farkon shekarun 1950, The Tokens suka mayar da ita "The Lion Sleeps Tonight" a 1961, ta tara dukiya mai yawa. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 aka yi sulhu da iyalansa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Nemo sunan marubucin na gaskiya ka rubuta shi yadda yake.

Mataki na uku: warware waƙar a takarda

Nemo aƙalla mutum uku da suka rera waƙar a zamani daban-daban ka saurare su da biro a hannu. Abin da ukun suka yi tarayya a kai shi ne waƙar. Abin da suka saɓa a kai kuwa ado ne, kowa da nasa, kai ma a nan za ka sa naka.

Sai ka rubuta ginin. Bugu huɗu, ko uku a wasu waƙoƙin, su ke yin gaɓa ɗaya. Yawancin sanannun waƙoƙin jaz gaɓa 32 ne, kashi huɗu masu gaɓa takwas-takwas: kashin farko, a maimaita shi, a shiga wani na daban da ake kira gada, a dawo kan na farko. Rokabili ya fi hawa kan ginin bulus mai gaɓa 12 da kod uku kacal, kod kuwa sautuka ne da ake kaɗawa tare a lokaci guda. Fok baiti ne bayan baiti a kan kari ɗaya, labarin ne ke jan mai sauraro. Rubuta kod ɗin kowace gaɓa, ka nuna inda murya ke shiga, inda wani zai yi kiɗan kaɗaici, da yadda za a rufe. Rufewar nan ita ce aka fi mantawa, kuma ita ce ke ɓata ɗauka mai kyau: kowa ya kalli ɗan'uwansa, a ƙare a warwatse.

Daga nan sai matakin murya. Kada ka nace wa matakin, wato ki, da mai waƙar ya yi amfani da shi. Gano inda waƙar ta fi hawa da inda ta fi sauka, ka matsar da ita gaba ɗaya har duka biyun su zauna maka ba tare da ka ja jijiyar wuya ba. Mai jita yana iya yin haka da kafo, ɗan maƙalin da ake ɗaurawa a wuyan jitar.

Kalmomin ma suna son nasu aikin. Ka san ma'anar kowane layi, don wanda bai san abin da yake faɗa ba ana ji a muryarsa ko lafazinsa ya yi kyau. Ba sai ka koma Ba'amurke ba, harshenka na iya fitowa, ado ne. Abin da za ka kiyaye shi ne inda lafazi ke canza ma'ana, musamman "p" da "f" da mukan haɗe su. In kuma waƙar ta kowa ce kana son mayar da ita Hausa, kada ka bi kalma da kalma. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da hawa da saukar murya; ɗora doguwar gaɓa a kan dogon sauti, in ba haka ba za ka ji kalmar ta karye a baki.

Mataki na huɗu: me za ka canza?

Zaɓi abu ɗaya babba ka canza shi da gangan, sauran ka bar su. Su Elvis bugun suka canza, kuma abin ya yi tasirin da Bill Monroe da kansa ya sake naɗar waƙarsa a wannan shekarar, ya fara da uku-uku ya juya zuwa huɗu-huɗu. John Coltrane a 1960 ya ɗauki "My Favorite Things", 'yar waƙar wasan dandamali ta Rodgers da Hammerstein, ya bar mata bugunta na uku-uku, amma ya shimfiɗa ta sama da minti goma sha uku a kan kod kaɗan da ke ta zagayawa. Ɗaya ya taɓa bugu, ɗaya ya taɓa tsawo da yanayi.

Kai ma kana iya rage sauri, ko ka cire komai ka bar murya da bes, ko ka canza kayan kiɗa. A nan ne mai gurmi ko garaya zai iya samun wurin zama a waƙar fok ba tare da an tilasta ba, domin banjo, wadda ake ji ko'ina a fok ɗin Amurka, ta samo asali ne daga kayan tsirkiya masu rufin fata na Afirka ta Yamma da bayi suka tafi da fasaharsu. Sai dai a kula: gurmi ba ya bin kod yana sauyawa kamar jita, don haka a nemar masa waƙar da ta daɗe a kan kod ɗaya ko biyu. Canza abu biyar a lokaci guda kuwa, a ganina, ba gwaninta ba ce. Waƙar ce za ta ɓace.

Mataki na biyar: ɗaki da kayan aiki

Kada rashin babban situdiyo ya karya maka gwiwa. Rudy Van Gelder, wanda ya naɗi ɗimbin faifan jaz na kamfanin Blue Note, har zuwa 1959 a falon gidan iyayensa yake aiki, da rana kuma yana sana'arsa ta gwajin ido. Abin da ake buƙata shi ne ɗakin da ba ya ƙara. Tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani siririn amo yana karkarwa tsakanin bango da bango, shimfiɗa darduma, rataya barguna, jingina katifa a kusurwa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya yin abin kirki, kada ka ɓata lokacinka.

Kashe fanka, kashe firji. Na taɓa yin ɗaukar da har yau nake ganin ban yi kamarta ba, sai da na sa abin sauraro a kunne na ji injin janaretan maƙwabta yana gurnani daga farko har ƙarshe. Tun daga ranar nake naɗar minti ɗaya na shiru kafin komai, in ƙure sauti in saurara. In kana jin wani "hmmm" da ba ya yankewa, sau da yawa daga wutar lantarki ne: cire cajar kwamfutar ka yi aiki da batir. A lokacin hunturu kuma itacen jita yana bushewa, tsirkiya na saki, sai ka riƙa gyara saitinta kafin kowace ɗauka.

Kayan ba su da yawa: kwamfuta, akwatin shigar da sauti mai ƙofa biyu irin Focusrite Scarlett 2i2 ko makamancinsa, makirfo ɗaya ko biyu, abin sauraro mai rufe kunne, da manhaja. Audacity kyauta ce, Reaper tana da araha kuma ta fi ta nisa. A makirfo, Shure SM57 ko SM58 suna yafe wa ɗaki marar kyau don ba sa kwaso abin da ke nesa. Irin su Audio-Technica AT2020 sun fi fito da ƙananan bayanai, amma suna buƙatar wutar 48V daga akwatin, kuma har kukan akuyar layinku za su kwaso. Saita manhajar a kan bit 24 da 44.1 ko 48 kHz. Matsa ƙarfin shigar sauti har inda mafi ƙarar wuri zai tsaya wajen -12 zuwa -10 dB. Sautin da ya taɓa ja ya fashe ba ya gyaruwa.

Mataki na shida: inda za ka kafa makirfo

Murya: tazarar kamu ɗaya daga baki, da 'yar rariyar da ake sawa gaban makirfo a tsakani don ta tare iskar "b" da "f". Jitar katako: kada ka auna ramin cikinta, sautin zai kumbura, auna inda wuya ya haɗu da jiki, tazarar santimita 20 zuwa 30. Babban bes na tsaye: ɗan sama da gadar tsirkiyoyi, kuma a rokabili ka ɗaga shi kaɗan don ya kama ƙarar marin tsirkiya a jikin itace, domin wannan "tas-tas" ɗin shi ke maye gurbin ganga. Johnny Cash ma, da ba shi da mai ganga a farkon zamansa a Sun, takarda yake cusawa tsakanin tsirkiyoyin jitarsa don ta ba da wannan shasshakar. Ganguna a jaz: makirfo ɗaya a sama ya isa, musamman in mai gangar da burushin waya yake kiɗa.

In makirfo biyu na ɗaukar abu biyu a ɗaki ɗaya, nisan da ke tsakaninsu ya ninka nisan kowanne da abin da yake ɗauka sau uku. In ba haka ba sautin zai yi sirantaka kamar daga cikin bututu.

Akwai kuma hanyar da na fi so ga fok: makirfo ɗaya tak a tsakiya, kowa ya kewaye shi. Mai ƙara ya ja baya, marar ƙara ya matso, wanda lokacinsa ya zo ya yi taku ɗaya gaba. Ƙafa ce ke haɗa sautin, ba kwamfuta ba. Za ku ɓata rabin sa'a kuna matsawa kuna gwadawa, amma in ya zauna aikin baya ya ragu ƙwarai.

Mataki na bakwai: ɗauka

Ku yi kiɗan tare a lokaci guda in da hali. Hanyar da aka saba a situdiyon zamani, a shimfiɗa kiɗa a kwamfuta sannan mawaƙi ya zo ya hau, ita ce ke kashe irin waɗannan waƙoƙi. Rayuwarsu tana cikin yadda mai bes ke jin numfashin mawaƙi ya jira shi, mai jita ya amsa masa. Faifan Miles Davis na 1959, Kind of Blue, zama biyu aka yi masa a wata tsohuwar majami'a da aka mayar situdiyo a Niyok, kowa a ɗaki ɗaya, kuma yawancin abin da ke kai shi ne karon farko da suka kai waƙar ƙarshe. The Animals ma ɗauka ɗaya suka yi wa tasu "House of the Rising Sun". Sautin wani zai shiga makirfon wani, ba laifi, shi ke ɗinke su.

Batun metironom, agogon nan mai ƙirga bugu: ku yi atisaye da shi, amma lokacin ɗauka ku saurare shi don kama saurin farko kawai, sai a kashe. Fok musamman yana son ya ja ya saki yadda labarin ke tafiya. In dole ne a bar shi, don kai kaɗai ne kana ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya, to a jaz ka rage saurinsa rabi ka ɗauki ƙararsa a matsayin bugu na biyu da na huɗu. Nan ne nauyin jaz da rokabili yake. Wanda ya jingina a kan na ɗaya da na uku zai ji kiɗan ya koma faretin 'yan makaranta. Haka kuma bugu a jaz ba a raba shi biyu daidai wa daida. Rabin farko ya fi tsawo, na biyu gajere, kamar tafiyar mai ɗan ɗingishi. Wannan ba a karanta shi a takarda, sai kunne ya sha.

Mai aiki shi kaɗai ya fara da jita da muryar gwaji tare, sannan bes, sannan sauran, murya ta gaskiya a ƙarshe. Ya kunna sauraro kai tsaye daga akwatin don kada muryarsa ta riƙa dawo masa a makare.

Ku yi cikakkiyar ɗauka uku zuwa biyar, ko an yi kuskure kada a tsaya. Bayan ta biyar yawanci kurakurai na raguwa amma armashi ma na raguwa. A sha ruwa a huta. Rubuta lambar kowace da abin da ka ji game da ita nan take. Wajen zaɓe, ɗauki wadda ta fi rai ko da akwai ɗan tuntuɓe a ciki. In tuntuɓen ya yi muni, yanko wannan gaɓar daga wata ɗaukar, ka yi yankan daf da bugu, inda ba wanda ke jan sauti.

Mataki na takwas: haɗa sauti

Fara da maɓallan ƙarfi kawai, ba wani ado, kuma ka saurara a hanya ɗaya, wato mono, yadda faifan Sun suka fito, kuma yadda lasifikar waya za ta fitar. Murya a gaba. Sai ka yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a murya da jita, ka bar wa bes wurin. In sautin ya yi dagwalo, rage kaɗan tsakanin 200 da 300 Hz. Matse sauti kuwa, wato rage tazarar da ke tsakanin wuri mai ƙara da marar ƙara, a yi shi da sauƙi, 2:1 ko 3:1, kada ya rage fiye da dB 3 ko 4. Jaz da fok suna rayuwa ne a kan bambancin raɗa da ɗaga murya. In ka daidaita su ka zubar da abin da aka zo ji. Auto-Tune kuma, manhajar da ke gyara muryar da ta kauce wa kari, a ajiye shi gefe. Mawaƙan bulus da jaz da gangan suke zamewa tsakanin sauti da sauti, na'urar kuwa kuskure take ɗaukar wannan ta miƙe shi.

Sai amsa-kuwwar rokabili, wadda kowa ke tambaya. Sam Phillips da na'urar tef biyu ƙirar Ampex yake yin ta: sautin ya bi ta ta biyu ya dawo a ɗan makare, a haɗa shi da na asali. Saurari muryar Elvis a "Blue Moon of Kentucky" za ka ji ta ƙarara. A manhaja, buɗe na'urar jinkirta sauti, sa lokacin tsakanin milisakan 80 da 140, mayar da maimaitawa sifili don ta amsa sau ɗaya tak, ka rage mata kaifi ta hanyar yanke abin da ke sama da 4 ko 5 kHz. Ɗaga ta har ka ji ta sosai, sannan ka sauke kaɗan. Waƙa mai gudu tana son gajeren lokaci, mai tafiya a hankali tana ɗaukar dogo. Murya da jitar lantarki ake sa wa. In ka sa wa bes ƙasan waƙar zai rikice. Jaz da fok ba sa son wannan, ɗan amon ɗaki na daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe su, wanda ba a lura da shi sai an cire.

Ƙarar ƙarzar tsohon faifai da wasu ke ɗorawa don a ce abin ya tsufa, ni ban ga amfaninta ba. Mutanen wancan zamani yaƙi suke yi da ita.

Mataki na tara: gogewar ƙarshe da fitarwa

Bar aikin ya kwana biyu, sannan ka saurare shi a waya, a mota, da abin kunne mai araha, kusa da wani faifan da kake girmamawa, ka daidaita ƙarfinsu kafin ka kwatanta. Spotify yana daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarfin waƙa gaba ɗayanta, don haka ƙure ƙara ba ya ƙara maka komai. Kai ta kusa da nan, ƙololuwarta kada ta wuce -1 dB. Fitar da ita a WAV, ba MP3 ba, da hoton bango murabba'i mai fiksel 3000 kowane gefe.

Wajen cike bayanai a shafin mai rarrabawa, sunanka ne a gurbin mawaƙi, sunan waƙar yadda yake a asali, sunayen marubuta a gurbinsu. Ka lura, marubuci ake nema, ba wanda ya shahara da ita ba: a "That's All Right" sunan Arthur Crudup za ka sa. Kada ka sa sunan wani shahararren mawaƙi a take ko hotonsa a bango, za a dawo maka da ita. In waƙar ta kowa ce, nuna haka, ka rubuta kanka a matsayin mai tsari. Makaɗan da suka yi maka aiki kuma ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, kowa ya sa hannu: kuɗin zama aka biya shi, ko yana da kaso, kuma nawa. Ajiye takardar lasisin, da yarjejeniyar, da ainihin fayilolin kowace ɗauka a wuri biyu daban-daban, ka ba mai rarrabawa aƙalla mako uku zuwa huɗu kafin ranar da kake son waƙar ta fito, domin lasisin kaɗai yana iya cin kwanaki.